Tukunyar da Ladi ta liƙe

Zafin watan Yuli a Manassas, nan Amurka, jiƙaƙƙe ne. Ka fito wanka ka goge jiki, kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Na gida ya fi shi mutunci, ya gasa ka ya bar ka a bushe. Amma akwai wani yini da ba ya bambanta ko a ina kake: hadari ya haɗu, iska ta tsaya cik, ganye ba ya motsi, kowa ya zuba wa sama ido. A gida daga gabas yake tasowa, a nan daga yamma, iyakar bambancin ke nan. Shekara ashirin da bakwai ina tuƙa motar kai kaya a ƙasar nan, ban taɓa son irin wannan yinin ba.

Asabar ɗin da ta wuce irinsa aka yi, kuma ranar ce 'yata Safiya ta ce sai mun ƙulla abincin da ta sayo.

Safiya nas ce, a nan aka haife ta. Tun lokacin korona da ta shiga kanti ta tarar babu shinkafa babu taliya, sai ƙarafan da ake jera kaya a kai, wani tsoro ya shige ta bai fita ba. Ta fara sayen busasshen abincin Turawa a manyan kwalaye. Ta ce daskarar da shi ake yi, sannan inji ya zuƙe ruwan. Ni dai abin da na gani, kwali ya kai buhun gero girma, nauyinsa bai kai na kaza ba. Akwai masara, albasa, dankali, koren wakensu, garin ƙwai, madara. Nama ba ta saya ba, don ba mu san wanda ya yanka ba. Ka jefa ƙwayar masarar a baki ta ruguje kamar toka, ka zuba mata ruwan zafi ta dawo masara.

Aibinsa ɗaya ne. Da ka buɗe kwalin ya fara shan iska da danshi, kwana kaɗan ya yi laushi ya lalace. Dole a raba shi a ƙananan ledoji masu ƙyalli, a jefa wani ɗan ƙulli mai kama da na shayi wanda yake shanye iskar da ke ciki, a liƙe bakin da dutsen guga, a jera a bokiti saboda ɓera. In an yi daidai, in ji ta, zai kai shekara ashirin da biyar. Na ce mata ni ba zan kai ba. Ta ce, "Abba ka daina irin wannan maganar."

Yayata Ladi tana gidan. Ta zo aikin ido, an cire mata yana a duka biyun, ranar saura kwana tara ta koma. Ita kaɗai ta rage min a ɗakinmu. A fasfo Hauwa'u aka rubuta, amma sunan kakarmu ne, don haka ba a taɓa kiran ta da shi ba, Ladi ake cewa. Nan ma na ce ake cewa, gaskiyar ita ce an daina. Yoyo ake ce mata. 'Ya'yana sun taso suna jin Gwaggo Yoyo a waya. Safiya tana ƙarama ta ɗauka sunan abin wasan nan ne mai zare, wanda ake cillawa ya dawo. Ta yi ta dariya. Ban gyara mata ba.

Muka rufe tagogi, aka ƙure esi don danshi ya ragu, aka shimfiɗa leda a teburin cin abinci. Safiya ta raba aiki kamar tana asibiti.

"Abba kai ka riƙa ɗiba kana zubawa. Ni in sa ƙullin. Gwaggo ke ki zauna, ga katako ga guga, ki riƙa liƙewa. Shi ne mai sauƙi."

Yaya ta janye hannayenta ta cusa cikin mayafi.

"A'a 'yar nan, ni ba na liƙi. Ba ni ludayin."

"Gwaggo dannawa kawai za ki yi ki ƙirga biyar."

"Ko ɗaya ba zan ƙirga ba. Abin da na rufe ba ya rufuwa. Tambayi ubanki."

Ta faɗa tana dariya. Safiya ta dube ni. Na miƙa hannu na ɗauki gugar. Hannuna yana kan katako, ni kuwa na tafi ƙauyenmu a arewacin Katsina, shekara arba'in da 'yan kai baya.

Ina ɗan shekara goma sha biyu, Yaya tana sha huɗu. A daminar nan ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ya yi ciki. Kullum hadari ya haɗu baƙi ƙirin, a ji sanyinsa, sai iska ta zo ta kwashe shi ta yi kudu da shi. Ganyen gero ya naɗe kamar tabarma. Da aka yi girbi, damman da muka kai gida ba su rufe gindin rumbu ba. Baba ya leƙa ciki ya daɗe, ya sauko. Washegari Inna ta rage tukunya.

Da farko ci biyu muke yi, koko da safe, tuwo da magariba. Kafin sanyi ya wuce kokon ya zama ruwa, kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Da bazara ta shigo sai ci ɗaya. Aka koma dusa, wadda a da ta awaki ce. Mata suna fita tun asuba neman ganye, tafasa da yaɗiya da duk abin da bai mutu ba, su dawo rana tsaka da ɗan abin da bai cika ƙwarya ba. Mu kuma aduwa da goruba, mu tsotsa har bakinmu ya yi gyambo. Rijiyar gari ta yi ƙasa, sau uku ana ƙara igiya. Maza suka yi gayya suka yashe ta, a ɗaura wa mutum igiya a ƙugu a zura shi, ya fito da laka jiki na rawa, a zura wani. Ba wanda aka dafa wa abincin gayya. Kowa ya gama ya tafi gidansa.

Zafin bazarar nan har yau ina jin sa a tafin ƙafa. Yunwa kuma ba ciwon ciki ba ce kamar yadda 'ya'yana suke zato. Kwana uku na farko ne ciwo. Bayan nan kunnenka ne yake ƙara, in ka miƙe ido ya rufe, kuma ba abin da kake iya tunawa sai abinci.

A ɗakin Kaka akwai tukunyar iri. Wani ɗan ƙaramin wake ne fari mai jan ido, waken Kaka muke ce masa, da shi ta zo daga garinsu. Bai cika yabanya ba, amma yana da sauri. Kafin gero ya nuna an fara cin sa. Shi ne yake tsallakar da gidanmu tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare ga kuma noma ya yi tsanani. A shekarar nan tiya biyu kacal aka samu, Baba ya ce ko ƙwaya ba za a dafa ba.

Kaka ce take liƙe tukunyar kowace shekara, sai ta rasu bayan girbi. Inna tana da ciki, a gidanmu kuwa mai ciki ba ta liƙe iri. Sai aka ba Yaya. Ina zaune ina kallo ta tankaɗe toka, ta cuɗa da waken da busasshen barkono, ta zuba, ta ƙara toka zalla kaurin yatsa huɗu a sama don kar ƙwaro ya sami hanya. Ta kifa kasko a baki. Lakar ma ba kowace ba ce, sai an kwaɓa ta da ƙaiƙayi da kashin shanu ta kwana biyu, in ba haka ba rana ta tsaga ta. Ta shafe bakin tas, sannan ta yi abin da Kaka take yi, ta danna tafin hannunta a ɗanyar lakar. Al'adar gidan ce, mai liƙi yana barin hannunsa. Baba ya duba ya ce, "Ga suna ga hannu. Hajiya ba ta mutu ba." Kaka yake nufi. Yaya ta yi kwana uku tana tafiya kamar an ba ta sarauta.

Wata rana a tsakiyar bazara, mata sun tafi ganye, Baba yana rijiya, aka bar ni a gida don ƙafafuna sun kumbura. Na shiga ɗakin Kaka neman inuwa. Wallahi inuwa na shiga nema. Na kwanta kusa da tukunyar saboda jikinta da sanyi. Ban san lokacin da na ɗauko ƙusa ba.

Ta gefe na huda, nesa da tafin hannun, don kar in ɓata shi a gane. A lokacin gani nake na yi wayo. Na ɗaga kaskon kaɗan, na ture tokar, na ɗibi hannu uku na zuba a aljihu. Na kwaɓa ƙasar tsakar gida da ruwan buta na toshe wurin, na shafa toka a kai. Na ja ƙafa zuwa busasshiyar ƙorama, na hura wuta da kara, na gasa a fasasshen kasko. Ban jira ya gasu ba. Da tokar da barkonon na ci. Kwana biyu cikina yana murɗawa, Inna tana jiƙa min kanwa tana cewa aduwa ce.

Wata biyu da rabi bayan nan aka yi ruwan shuka. Yinin ya fara irin na Asabar ɗin nan, shiru, nauyi, sannan ya ɓarke. Ƙamshin ƙasa ya tashi, mutane suka fito suna tsayawa a cikinsa, tsofaffi suna kuka. Da ya tsagaita Baba ya ce a fito da tukunya. Maƙwabta biyu da aka yi wa alkawarin ɗan iri suna tsaye da matansu. Aka ajiye ta a tsakar gida. Kowa ya ga hannun Yaya a sama, kowa kuma ya ga tsaga a gefe, ta isa yatsa ya shiga. Ƙasata ta bushe ta zube tuni.

Baba ya fasa. Ƙwari suka taso masa a fuska. Ya zura hannu ya ɗebo, kowace ƙwaya ta zama rariya, ya matse sai gari. Ya juye tukunyar gaba ɗaya a tabarma yana tonawa da yatsa, ko za a sami na kirki. Ba a samu cikin tafin hannu ba, wanda aka samu ma bai tsiro ba.

Bai doke ta ba. Da ya doke ta da an manta. Cewa kawai ya yi, "Ladi, tukunyarki ta yi yoyo."

"Wallahi Baba na liƙe. Yadda Kaka take yi na yi."

"To ga shi kuwa."

Ta dubi Inna, ta dubi maƙwabta, ta dube ni, don ni na zauna kusa da ita ranar da ta liƙe. Ni kuwa yatsun ƙafata nake kallo. Ruwa yana ɗiga daga bakin jinka, ɗis, ɗis. Kalma biyu ce, ni ne. Na ƙirga ɗigon ruwan har aka watse.

Daminar ta yi kyau, mu ne ba mu yi kyau ba. Muka yi noman farko da maimai da dusa a ciki. Waken da Baba ya roƙo daga wani gari mai jinkiri ne, sai bayan gero ya nuna. Makonnin da waken Kaka yake rufe mana suka zo a buɗe. A cikinsu Inna ta haihu, namiji, nono bai zo ba. An yi suna, ya kwana goma sha tara ya koma. Ban ce waken ne ba. Ban kuma taɓa iya cewa ba shi ba ne.

Kalmar Baba kuwa matan maƙwabta suka ɗauka. Da farko tsokana ce a bakin rijiya. Daga baya a gidan biki a ce kar a ba Yoyo murfi. Ta yi aure, mijinta Yoyo yake ce mata. 'Ya'yanta sun ji ana faɗa. Ita ma ta koyi yin dariyar, har ta riga mutane faɗa. Ba ta ƙara rufe ko tulun daddawa ba, sai ta kira wata. Baba ya rasu yana ganin ita ce. Inna ta rasu haka. Ina wurin duka biyun, da bakina. Da na zo nan na sami hali, na sa aka yi mata ɗaki da rufin kwano. Mutanen gari suka ce Tanko ya yi dabara, ya san halin yayarsa. Aka yi dariya, aka faɗa min a waya, ni ma na yi.

"Abba! Ka goge bakin ledar kafin ka danna. Garin madara in ya shiga tsakani ba ta kamawa."

Safiya ce ta dawo da ni. Mun yi leda ta kai talatin. Yaya tana ɗiba da ludayi, Safiya ta buɗe kwalbar gilashi ta zaro ƙulli ɗaya ta maida murfi da sauri, don in suka sha iskar ɗaki sai su yi ɗumi su mutu. Ni ina dannawa. Waje ya yi duhu da rana tsaka, ana cida can nesa.

Safiya ta fara gwaji. Ta ɗauki leda ta kai kunne ta matsa. Ta ɗaya shiru, ta biyu shiru. Ta bakwai ta yi tsii.

"Wannan tana fitar da iska."

Kafin in buɗe baki Yaya ta ce, "Ni ce. Na cika ta da yawa. Na faɗa miki kar hannuna ya taɓa."

Ko kusa da bakin ledar ba ta je ba. Ni na riƙe gugar, ni ban goge ba. Mace mai jikoki goma sha ɗaya, ta tsallako teku, tana karɓar laifin ledar madara tun ba a ba ta ba.

Safiya ta ce ba komai, za a sake, ta tafi gareji ɗauko bokitai. Na ajiye gugar a tsaye.

"Yaya."

"Na'am."

"Tukunyar Kaka. Kin liƙe ta daidai. Ni na huda ta da ƙusa na ɗibi wake na ci. Na toshe da ƙasa."

Ludayin yana hannunta cike da masara. Ba ta zubar ba, ta mayar cikin kwali a hankali. Ta dube ni da idanun nan da aka wanke mata. Na fi son lokacin da suke da yana.

"Yaushe?"

"Da bazara. Ranar da ƙafata ta kumbura."

"Ranar da na goyo ka daga bakin ƙorama?"

Na manta da wannan. Wallahi na manta. Ita ta same ni a kwance ina riƙe da ciki.

"Ranar," na ce.

Ruwan ya sauko, yana dukan taga. Ta daɗe tana kallon sa.

"Nawa ka ɗiba?"

"Hannu uku."

"Ka ƙoshi?"

"A'a."

"Kai Tanko," ta ce. "Da ka ƙoshi ma da sauƙi."

Na ce ta yafe min. Cewa ta yi, "Ka san har Inna ta rasu ba ta taɓa ce min komai a kan jaririn nan ba? Da ta faɗa da na ji daɗi. Ni na riƙa faɗa wa kaina." Ta goge hannu a zani, ɗaya bayan ɗaya. "Miƙo min abin nan."

Na tura mata katakon da gugar. Ta ɗauki sabuwar leda, ta juye madarar da ta yi tsii a ciki, ta zaro ƙulli ta rufe kwalbar. Ta goge bakin ledar da gefen mayafi sau biyu, ta shimfiɗa, ta danna. Ba ta ƙirga biyar ba, bismilla ta yi ta ja gugar a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, yadda na ga ta shafe laka. Ta jira ta huce, ta kai kunne ta matsa da ƙarfinta duka. Shiru.

Safiya ta shigo da bokitai, kanta a jiƙe.

"Lah! Gwaggo ke kika yi? Kin gani ko, na ce miki ba wuya." Ta ɗauko baƙin alƙalami ta rubuta madara da kwanan wata.

"A gidanmu mai liƙi yana barin hannunsa," in ji Yaya.

"Wannan ba ta kama hannu, Gwaggo. Sai dai in rubuta suna."

"To rubuta Ladi."

Safiya ta ɗaga alƙalamin. "Wace ce Ladi?"

"Tambayi ubanki."

Na faɗa mata, a tsaye, tun daga ƙusa har jariri. Wasu wuraren sai da na maimaita da Turancina na direba, don Hausarta ba ta kai ƙaiƙayi da maimai ba. Ta rubuta sunan da manyan baƙaƙe, ta sa ledar a saman bokiti. Sauran ledojin Yaya ce ta liƙe su duka, ni na koma ludayi.

Yau saura kwana huɗu ta tafi. Tana gaishe ni, tana zuba min abinci, maganar yafiya ba ta tashi ba, ni kuma ba ni da fuskar sake tambaya. Na ce zan kira gida in faɗa wa 'ya'yanta da duk wanda ya rage a gari. Ta ce in kira, amma waɗanda take so su ji ba sa ɗaukar waya.

Da safen nan tana tsaye a bakin taga tana kallon ciyawar da ruwa ya jiƙa. Safiya ta sauko za ta asibiti, ta rusuna a bayanta.

"Gwaggo Ladi, ina kwana."

Ba ta motsa ba.

"Gwaggo Ladi."

Sai a na uku ta waiwayo, ta dubi bayanta tukuna, ko da wata ake.